Gwarzonka Mai Kuɗi Ne, Mun Ji. Ina Ya Samo Su?



Yau faɗa muka zo yi, kuma da mutum biyu. Na farko shi ne wanda ya kalli fim ɗin The Great Gatsby na 2013, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a ciki, ya share hawaye ya ce ai Gatsby shi ne sarkin masoya, shekara biyar yana dakon mace ɗaya. Na biyu kuwa ɗan uwanmu ne marubuci, wanda ya buɗe babi na ɗaya da matashi ɗan shekara 27, mai kamfanoni a Dubai da jirgin sama nasa na kansa, amma har aka rufe littafin ba mu ga ya sayar da ko allura ba. Mutum biyun nan ciwonsu ɗaya. Sun ɗauka kuɗi a cikin labari kayan ɗaki ne, kamar labule da kafet, ana shimfiɗa su ne kawai don soyayya ta samu wurin zama. Mu kuwa cewa muka yi kuɗi a labari suna da inda suka fito, suna da abin da mutane ke faɗa a kansu, suna kuma da wanda aka taka kafin a same su. Duk marubucin da ya tsallake waɗannan abubuwa uku ya cuci mai karatunsa. Shaidarmu ita ce littafin nan na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito ranar 10 ga Afrilu, 1925.

Ga waɗanda ba su karanta ba, ga yadda abin yake. Labarin ya faru ne a lokacin zafi na 1922, a tsibirin Long Island da ke gefen birnin Niyok. Unguwanni biyu na masu hali suna kallon juna, ruwa ya raba su. East Egg ta waɗanda suka gaji arziki kaka da kakanni ce, West Egg kuma ta masu sabon kuɗi. Mai ba da labarin, Nick Carraway, ya kama hayar ɗan ƙaramin gida a West Egg a kan dala 80 a wata, sai ya zama katanga ɗaya da wani katafaren gida na wani Jay Gatsby, mutumin da ke tara ɗaruruwan mutane shagali a ƙarshen mako. A tsallaken ruwan kuma akwai Daisy, 'yar uwar Nick, matar wani attajiri mai girman kai, Tom Buchanan. Gatsby ya sayi gidan ne don ya riƙa hango nata, yana shirya shagulgulan ne ko Allah zai sa wata rana ta shigo. Babi tara ne kacal, mai himma zai gama shi a kwana biyu.

Mu fara da jita-jita, domin nan ne namu littattafan suka fi yin shiru.

Sunan Gatsby ne a bangon littafin, amma bai buɗe baki ba sai a babi na uku. A ƙarshen babi na ɗaya inuwarsa kawai muka gani, yana tsaye cikin duhu ya miƙa hannu wajen wata koriyar fitila da ke tsallaken ruwa. Kafin ya yi magana, bakin mutane ya riga ya gina shi. Wata ta ce ɗan uwan Kaisa Wilhelm na Jamus ne, daga can kuɗin suke. Wata ta ce an ce ya taɓa kashe mutum. Wata ta ce ɗan leƙen asirin Jamus ne lokacin yaƙi, nan take aka ƙaryata ta da cewa ai a rundunar Amurka ya yi yaƙin. Can gaba aka ce ɗan fasa-ƙwaurin giya ne. Aka ce yana da bututu a ƙarƙashin ƙasa har Kanada. Aka ce ma gidan da ake gani ba gida ba ne, jirgin ruwa ne da ake matsawa da shi a ɓoye. Abin ya kai har wani ɗan jarida ya ƙwanƙwasa masa ƙofa yana neman ya ce wani abu, alhali shi kansa ɗan jaridar bai san a kan me ba.

Ku lura da masu faɗin waɗannan maganganu. Baƙinsa ne. Suna zaune a lambunsa, suna cin abincinsa, suna shan abin shansa, suna cin namansa. Yawancinsu ba wanda ya gayyace su, ba su ma san kamanninsa ba. Akwai wata da rigarta ta yage a wurin shagalin, Gatsby ya aika mata sabuwa ta dala 265. Maimakon a ce Allah ya saka, sai ƙawarta ta mayar da kyautar hujja: mutumin da zai yi haka lallai akwai abin da yake tsoro. Wannan ɗan ƙaramin wuri ya fi shafi goma na bayani. Ya nuna mana Gatsby, ya nuna mana mutanen da ya tara, ya kuma nuna cewa sabon kuɗi ko alheri ya yi sai an bincike shi.

To wa zai ce mana wannan baƙon abu ne? Yaro ya tashi a unguwa kowa ya san gidansu, ya ɓace shekara uku, ya dawo da mota da gini mai hawa biyu. Kafin la'asar majalisa ta yanke hukunci. Wani ya ce tsafi ne, wani ya ce ɗan yankan kai ne, wani ya ce yahoo yake yi, wani ya ce ƙwaya yake safara, wata a wajen kitso ta rantse ta san matar da ta san bokansa. Da azumi ya raba shinkafa, su ne a gaban layi. Muna rayuwa a tsakiyar wannan abu kullum, amma da mun ɗauki alƙalami sai unguwar ta zama ta kurame. Gwarzonmu ya mallaki rabin Abuja yana da shekara 27, ba maƙwabcin da ya ɗaga gira, ba ɗan uwan da ya yi hassada, ba wanda ya ce uffan. Kowa yabonsa yake yi, har masu gadi. Mun zubar da kayan aiki mafi arha da muke da shi, wanda ke sa mai karatu ya riƙa juya shafi yana tambayar wanne ne gaskiya.

Fitzgerald bai tsaya a bakin mutane ba, sai da ya sa Gatsby ya yaɗa tasa jita-jitar a kan kansa. A babi na huɗu, cikin mota, ya gaya wa Nick cewa shi ɗan masu kuɗi ne daga tsakiyar Amurka, danginsa duk sun mutu, a Oxford ya yi karatu. Da Nick ya tambaye shi wane gari a tsakiyar ƙasar, sai ya ambaci San Francisco, birnin da ke can bakin teku a yamma. Ƙarya ta fito fili. Amma kafin mai karatu ya gama dariya, sai mutumin ya zaro lambar yabo ta yaƙi daga ƙasar Montenegro da hoton da aka ɗauke shi a Oxford. Sai ka rasa inda za ka tsaya. Haka ɗakin karatunsa yake: wani baƙo mai ƙaton tabarau ya yi mamaki da ya ga littattafan na gaske ne, sai dai ba a yanke shafukansu ba, wato ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Gaskiyar kuwa ita ce sunansa James Gatz, ɗan talakawan manoma daga jihar North Dakota. Yana da shekara 17 ya sauya wa kansa suna, ya bi wani tsohon attajiri Dan Cody a jirgin ruwansa har shekara biyar. Cody ya bar masa wasiyyar dala 25,000, amma ko sisi bai shiga hannunsa ba, wata mata ta bi ta hanyar shari'a ta kwashe. Oxford kuma wata biyar ya yi a 1919, cikin wata dama da aka bai wa hafsoshin soja bayan yaƙi.

To ina ya samo kuɗin? A nan akwai darasin da ya kamata duk wanda ke jin haushin gyaran edita ya saurara. A Nuwamba 1924, editansa Maxwell Perkins ya karanta rubutun, ya yaba ƙwarai, amma ya rubuta masa cewa Gatsby bai fito sosai ba, kuma mai karatu zai so a ɗan nuna masa alamun irin harkar da mutumin yake yi. Fitzgerald bai yi fushi ya ce ba a fahimce shi ba. Ya zauna a birnin Rum ya yi wa littafin gyara mai yawa bayan an riga an jera shi don bugawa. A littafin da ya iso hannunmu, alamun suna warwatse kamar sawun ɓarawo. Ana yawan kiran Gatsby a waya daga Shikago da Philadelphia a tsakiyar shagali. Abokin harkarsa Meyer Wolfsheim an ce shi ya sayi wasan ƙarshe na gasar besbol ta 1919, kuma wannan badaƙala ta faru da gaske, an kuma gina Wolfsheim ne a kan wani ɗan caca na gaske, Arnold Rothstein. Gatsby ya taɓa suɓutar baki ya ce shekara uku ya yi yana tara kuɗin gidan, ya manta ya riga ya ce gado ya ci. Daga ƙarshe Tom ya binciko cewa shi da Wolfsheim sun sayi kantunan magani da dama suna sayar da barasa a ciki, a zamanin da dokar Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933. Bayan mutuwarsa ma sai da waya ta zo daga Shikago, mai kiran ya ɗauka da Gatsby yake magana, ya ba da labarin an kama yaronsu yana miƙa wasu takardun kuɗi.

Ba a ba mu lissafin kamfani ba, ba a yi mana lacca ba. Amma mun san ƙamshin kuɗin, kuma wannan ƙamshin ne ya kashe soyayyar. A babi na bakwai, a wani ɗaki na otal ɗin Plaza, ana tsananin zafi, Daisy tana dab da barin mijinta. Tom bai ce ya fi Gatsby sonta ba kawai, tona asalin dukiyar ya yi. Yana tonawa Daisy tana ja da baya, har ta koma cikin ƙwaryarta. Da Fitzgerald ya bar kuɗin Gatsby ba asali, irin na gwarzonmu na Dubai, da Tom ba shi da makami, da babin nan bai wanzu ba.

Yanzu sai mu juyo kan mai cewa sarkin masoya.

Gatsby ya haɗu da Daisy a garin Louisville a 1917, yana ƙaramin hafsan soja, aljihunsa ba komai, kakin soja ne ya rufa masa asiri. Littafin bai ɓoye abin da ya fara ɗaukar hankalinsa ba. Gidansu ne, irin gidan da bai taɓa shiga ba. Kuma ganin maza da yawa suna nemanta ya ƙara mata daraja a idonsa, kamar kaya a kasuwa. Ya bar ta ta yarda cewa shi ma ɗan irin wannan gida ne. Da ya tafi yaƙi ta gaji da jira, ta auri Tom a Yuni 1919, mutumin da ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Da suka sake haɗuwa bayan kusan shekara biyar, me Gatsby ya yi? Zagayawa ya yi da ita ɗaki ɗaki yana nuna mata kaya, har ya buɗe durowa ya riƙa watso rigunansa da ake aiko masa daga Ingila, ita kuma ta kifa kai a kansu ta fashe da kuka. Shi da bakinsa, da ake neman yadda za a siffanta muryarta, da kuɗi ya danganta ta.

Sannan ku dubi abin da ya nema a wurinta. Barin Tom bai ishe shi ba. So yake ta tsaya gaban mijinta ta ce ba ta taɓa sonsa ba ko da rana ɗaya, a goge shekarun auren kamar ba a yi su ba. Daisy tana da 'ya, kuma ranar da aka fito da yarinyar Gatsby kallonta ya riƙa yi da mamaki, kamar bai taɓa yarda akwai ta ba. Wannan mutum bai san matar da ke gabansa ba. Yarinyar 1917 yake so, da gidan 1917, da kuma kansa irin wanda ya ƙirƙira tun yana ɗan shekara 17. Da Daisy ta ce ta so Tom a da, tana kuma son shi Gatsby, wato ta faɗi gaskiya irin ta ɗan Adam, sai maganar ta zame masa kamar mari.

Za a ce mun yi masa rashin adalci. Ai shi ne ya ɗauki laifin hatsarin mota alhali Daisy ce ke tuƙi, shi ne ya kwana tsaye a waje yana gadinta kada mijinta ya taɓa ta. Haka ne, kuma Nick da kansa ya gaya masa ya fi taron mutanen nan duka. Ba mu ce begen nasa ƙarya ba ne. Da ƙarya ne da littafin bai dami kowa ba. Abin da ya sa yake ci wa mutum rai shi ne begen na gaske ne, amma ya cakuɗe da kwaɗayin matsayi har shi mai begen ba zai iya raba su ba. A daren da yake tsaye cikin duhu yana gadi, Nick ya leƙa ta taga ya ga Tom da Daisy zaune a kicin, ga soyayyar kaza mai sanyi a gabansu, suna magana ƙasa ƙasa kamar masu ƙulla wani abu. Ƙwarya ta riga ta bi ƙwarya. Fitzgerald ya san wannan ciwo a jikinsa: ya so wata 'yar attajiran Shikago, Ginevra King, abin bai yiwu ba, sannan Zelda Sayre ta fasa alkawarin aurensu a 1919, sai da aka karɓi littafinsa na farko aka ga alamar zai iya riƙe gida kafin a ɗaura auren a Afrilu 1920.

Saura tambaya ta uku, wadda marubutanmu suka fi gudu: wa ya biya?

Tsakanin unguwannin attajiran da birnin akwai wani fili da ake zubar da toka, inda wani talaka George Wilson yake da gareji yana sayar da fetur. Matarsa Myrtle ita ce farkar Tom. Tom yana yi wa mijin romon baka da alkawarin sayar masa da mota, yana ɗauke matar zuwa birni, har ya taɓa fasa mata hanci don ta ambaci sunan Daisy. Myrtle ce Daisy ta take da motar Gatsby mai ruwan ɗorawa ba ta tsaya ba. Tom ne ya gaya wa Wilson mai motar. Wilson ya je ya harbe Gatsby a cikin tafkin wankansa, ya harbe kansa. Ku ƙirga gawarwakin: Myrtle, Gatsby, Wilson. Su ukun duk 'ya'yan talakawa ne. Ku ƙirga waɗanda suka tsira ko ƙwarzane babu: duk waɗanda aka haifa cikin rufin asiri ne. Marubucin bai fito ya yi wa'azi a kan haka ba, tsara mutuwar ya yi ya bar mu da lissafi.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta a tarukan ƙungiya. Za a ce mai karatunmu talaka ne, ya gaji da ganin wahala, so yake ya buɗe waya ya shiga gida mai esi ko da na minti talatin ne. Ba mu raina wannan ba, kuma ba mu ce a daina rubuta attajirai ba. Gatsby cike yake da kayan daɗi: akwatunan lemo da ake kawowa duk Juma'a, makaɗa, motoci, ma'aikata takwas da ke share ɓarnar ranar Litinin. Mai karatu ya shiga gidan ya sha kallo iya son ransa. Bambancin shi ne an nuna masa masu sharar. Idan kika ba yarinya 'yar shekara 16 littafi ashirin a jere, kowanne yana gaya mata mijin kirki shi ne wanda kuɗinsa ba su da asali kuma ba a tambayarsa, kin koya mata wani abu ko ba ki yi niyya ba.

Za a kuma ce wannan littafin Turawa ne, cike da giya da neman matan aure, me ya haɗa mu da shi? Ba wanda ya ce ku kwaso shagalin ku kawo Kano. Ginin muke cewa ku duba. Kuma ba sai an je Amurka ba kafin a ga ana iya yi. Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne ta ba Alhaji Abdu sana'a da shago a kasuwa, ta nuna Rabi da 'ya'yanta da aka kora suna biyan kuɗin holewarsa, sannan dukiyar da ke da asali ta zama dukiyar da gobara za ta iya ci. Wanda ba shi da shago, me wuta za ta ƙona masa?

Wata amsar ta fi nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba: irin wannan rubutu ba lallai ya sayu ba. Gaskiya ne. Gatsby bai wuce kwafi dubu ashirin da 'yan kai ba a shekarar da ya fito, kuma har Fitzgerald ya rasu a Disamba 1940, yana da shekara 44, akwai ragowar kwafi a sito. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka raba wa sojojin Amurka kusan kwafi 155,000, littafin ya farfaɗo. Ba za mu yi wa kowa alkawarin kasuwa ba. Amma ba mu yarda cewa ƙara wa gwarzo sana'a, da ba maƙwabtansa baki, zai kori mai karatu ba. Wa ya taɓa ajiye littafi don gulma ta yi yawa a ciki?

Kada kuma a ɗauka mun mayar da Fitzgerald waliyyi. Yadda ya zana Wolfsheim, yana ta nanata hancinsa da kasancewarsa Bayahude, raini ne irin na zamaninsa, kuma aibi ne a littafin. Ma'aikatan gidan ma da muka ambata, mun ga hannayensu amma da wuya mu ji bakinsu. Nan wuri ne da marubucin da ya tashi a gidan haya zai iya fin sa, don ya san abin da mai aiki ke cewa bayan an rufe ƙofar falo.

Babi na tara ya kamata masu cewa sarkin masoya su sake karantawa a tsanake. Nick ya yi ta kiran waya yana neman masu zuwa jana'iza. Wolfsheim ya ce ba zai sa kansa cikin rigima ba. Wani Klipspringer, wanda ya daɗe yana kwana yana tashi a gidan kyauta, ya kira, amma takalman wasansa da ya manta yake so a aika masa. Daisy da Tom sun kwashe kaya sun bar gari ba adireshi, ko fure ɗaya ba ta aiko ba. Waɗanda suka raka gawar cikin ruwan sama su ne Nick, da tsohon mahaifinsa Henry Gatz da ya ga labarin a jarida ya taho, da limamin coci, da 'yan ma'aikata, da mai kawo wasiƙu, sai baƙon nan mai ƙaton tabarau da ya iso a makare. A watan Oktoba Nick ya ci karo da Tom a kan titi a Niyok. Tom ya amsa cewa shi ya faɗa wa Wilson mai motar, bai ga laifinsa ba, har yana ba da labarin irin kukan da shi ma ya yi. Suka gaisa, Tom ya juya ya shige kantin sayar da kayan ƙawa na gwal da lu'ulu'u.